Wuƙar soja ta teburin 'yan koli ko wuƙar maƙera: wacce ta cancanci kuɗin magidanci?

Wanda ya zaga kasuwar Wudil ranar Juma'a, ko ta Maigatari ranar Alhamis, zai ga wani kaya da ya samu gindin zama a teburin 'yan koli, tsakanin tocila da cajar waya. Baƙar wuƙa ce mai naɗewa, mariƙinta da zanen kakin soja, bayanta da haƙora kamar zarto, an buga mata hoton mikiya ko tutar Amurka. Masu sayarwa suna ce mata wuƙar soja. Samari na saye don gayu. Magidanta na saye don suna kwana a gona lokacin kaka, ko don an taɓa kwance musu tumaki a turke cikin dare. Ita muka sa a gaba a wannan bita, tare da wuƙaƙen da ke gogayya da ita, da sauran kayan da ake tallata wa mutanen karkara da sunan kare kai. Tun daga farko gara a faɗa: a duk kayan da ke teburin nan, ita ce ta fi kyan gani, ita ce kuma ta fi ƙarancin amfani.

A fara da ƙarfen, domin shi ne wuƙar, sauran duk ado ne. Yawancin waɗannan wuƙaƙe daga Sin suke zuwa, kuma idan an yi sa'a an rubuta irin ƙarfen a gindin ruwan wuƙar, za a ga 3Cr13 ko 420, ko kuma kawai a rubuta cewa ba ya tsatsa. Rubutun nan yana da ma'ana. 3Cr13 na nufin kabon ɗin da ke cikin ƙarfen kusan kashi 0.3 ne cikin ɗari, kuromiyam kuma kashi 13. Kuromiyam shi ke hana tsatsa, kabon shi ke sa ƙarfe ya yi tauri ya riƙe kaifi. Kashi 0.3 kaɗan ne. Shi ya sa wuƙar ke aske gashin hannu ranar da aka saye ta, amma da an yanka igiyar rama biyu aka fere rake ɗaya sai bakinta ya kwanta. Wadda aka rubuta wa 8Cr13MoV ta fi ta nesa ba kusa ba, don kabon ɗinta ya kai wajen kashi 0.8, in dai rubutun gaskiya ne. Nan ne gizo ke saƙa: tambarin manyan kamfanoni irin su Buck da Gerber da ake gani a wuƙar da kuɗinta bai kai na kwanon gero biyu ba, na jabu ne, kuma wanda ya yi ƙaryar suna ba zai ji kunyar ƙaryar ƙarfe ba.

Baƙin launin nan fenti ne. Mako biyu a aljihu tare da makulli ya fara ɓarewa. Haƙoran da ke bayanta ko gindin bakinta suna yanka igiyar leda da kyau kwanakin farko, amma da sun dakushe shi ke nan, dutsen washi mai faɗi ba ya shiga tsakaninsu, sai siririn magagari mai zagaye wanda ba kowane ƙauye ake samu ba. Tsinin da aka yanke da kusurwa kamar bakin kurfi, wanda mai talla zai ce yana huda ƙarfe, ba ya fiɗa, yana huda fata ya ɓata ta, baduku ya rage mata kuɗi.

Babban haɗarin yana mahaɗa. Wuƙa mai naɗewa tana juyawa ne a kan ƙusa guda, sannan akwai wani siririn ƙarfe a cikin mariƙin da ke zamewa ya tokare gindin ruwan idan an buɗe. A wuƙa mai kyau ƙarfen nan yana da kauri kuma yana hawa sosai a kan gindin. A ta teburin 'yan koli sau da yawa bai fi kaurin murfin gwangwani biyu ba, kuma da ɗan gefensa yake taɓawa. Mutum na tsaka da huda buhu ko sassaƙa turke sai tokarin ya zame, wuƙar ta rufe a kan yatsu huɗu. Ana iya gane wannan tun a gaban mai kaya. Ka buɗe ta, ka riƙe bayan ruwan da yatsu biyu ka girgiza hagu da dama, sama da ƙasa. Idan ka ji tana motsi ko tana ƙas-ƙas, ajiye. Ka leƙa ka ga ko tokarin ya hau aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kaurin gindin. Ka riƙe mariƙin ta gefe, yatsunka nesa da hanyar da bakin zai bi, ka ɗan buga bayanta a katakon teburin. Idan ta rufe, ka tsira da kuɗinka da yatsunka. Mai kayan zai ɓata rai, amma ba shi zai biya kuɗin ɗinki ba.

Masu buɗewa da kansu idan an danna maɓalli sun fi saurin mutuwa. Sifirin ɗin ciki siriri ne, kuma ƙurar hunturu na shiga boris ɗin mahaɗar ta haɗu da mai ta zama kamar yashi. Daga Disamba zuwa Fabrairu ya isa ta fara cijewa. Ƙananan sukurorin mariƙin kuma masu kan tauraro ne, da wuya a samu abin ɗaure su a wurin mai gyaran babur, sai dai wurin mai gyaran waya. Akwai kuma babbar yayarsu marar naɗewa, mai ramin mariƙi da ake zuba ashana da ƙugiyar kifi, da kamfas a murfi. Ita ruwanta bai shiga mariƙin ba, noti ɗaya ne ya haɗa su, don haka sara uku a reshen darbejiya ya raba su. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

To ina mafita? Ga wanda yake son wuƙar aljihu, akwai tsofaffin ƙira biyu da suka daɗe suna aiki a hannun manoma. Okapi an fara ƙera ta a Solingen ta Jamus a 1902, daga baya a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Ƙarfenta mai kabon ne, makullinta a baya yake, zobe ake ja kafin ta rufe, don haka ba ta rufewa a kan yatsa da kanta. Takan zo da baki marar kaifi sosai, sai an zauna mata da dutse. Opinel kuwa ta Faransa ce, tun 1890, lamba 8 ɗinta ruwanta santimita 8.5 ne, mariƙin katako, da zoben ƙarfe a wuya da ake murɗawa ya kulle ta, wanda aka ƙara mata a 1955. Siririya ce, tana yanka albasa, tana fere dankali, tana yin aure na mangwaro da lemo da kyau ƙwarai saboda bakinta ba ya murƙushe ɓawo. Aibinta ɗaya ya shafe mu kai tsaye: da damina katakon na kumbura ya riƙe ruwan, sai an buga gindinta a dutse kafin ta buɗe, da rani kuma ya bushe ta yi sako-sako. Shafa wa mahaɗar man kaɗanya ko baselin yana rage wannan. Dukansu biyu ana jabunsu, kuma ta gaske ba kasafai take kaiwa kasuwar ƙauye ba, sai an yi saƙo birni.

A marasa naɗewa na kamfani, Morakniv Companion ta ƙasar Suwidin ita ce ma'auni. Tsawon ruwanta santimita 10 da ɗoriya, kaurinsa milimita 2.5 a marar tsatsa, milimita 2 a mai kabon. Marar tsatsar da ƙarfen Sandvik 12C27 ake yin ta, kabon kashi 0.6. Bakinta shimfiɗa ɗaya ce mai faɗi, don haka ko yaro zai iya wasa ta: a kwantar da shimfiɗar a kan dutse a goga, babu neman kusurwa. Mariƙin roba ne da ba ya santsi ko da jini ko ruwa a hannu, kuben kuma roba mai tauri da rami a ƙasa don ruwa ya tsiyaye. Wutsiyar ƙarfen ba ta kai ƙarshen mariƙi ba, saboda haka ba ta faskare ba ce. Wuƙa ce ta ƙwarai, sai dai kuɗinta da dala ake lissafa shi, kuma wannan kaɗai ya fitar da ita daga lissafin yawancin magidanta.

Saura ta gida, kuma a nan za mu daɗe. Wuƙar maƙeri na iya zama mafi kyau a duk waɗanda aka ambata, tana kuma iya zama mafi muni, ya danganta da abu biyu: ƙarfen da ya ɗauko, da yadda ya bi da shi a wuta. Maƙerin da ya san aikinsa da sifirin ɗin tsohuwar mota yake ƙira, ko tsohon magagari. Ƙarfen sifirin yawanci kabon ɗinsa wajen kashi 0.6 ne, an yi shi ne don ya lanƙwasa ya dawo, shi ya sa wuƙarsa ke jure sara ba ta karye ba. Na magagari ya fi kabon, ya fi kaifi, amma ya fi saurin ɓallewa, ya dace da wuƙar yanka da fiɗa, ba ta daji ba. Wanda za a guje wa shi ne rodin gini da guntun ƙarfen ƙofa ko na durom. Suna da sauƙin duka a maƙera, suna fitowa da kyan siffa, amma ko an tsoma su sau goma ba za su yi taurin kirki ba.

Aikin wutar kuwa mataki biyu ne, kuma na biyun ne masu gaggawa ke tsallakewa. Bayan an gama ƙira, ana zuga gawayi, na ƙirya ya fi, har ƙarfen ya yi ja daidai daga gindi zuwa tsini. Alamar ya isa ita ce maganaɗisu ya daina kama shi, abin da ke faruwa a zafin wajen digiri 770 na ma'aunin Salshiyas, sai a ɗan ƙara masa kaɗan. Nan take a tsoma shi a mai. Ruwan sanyi na sa ƙarfen sifirin ya tsage, wani lokaci tsagar ba ta ganuwa sai ranar da wuƙar ta rabe a hannu. Bayan tsomawa ƙarfen ya yi tauri amma ya zama kamar kwalba. Dole a goge shi ya yi fari, a mayar da shi kusa da wuta a hankali, ta baya, har launin karan dawa busasshe ya bayyana a bakin, wato wajen digiri 200 zuwa 230. Idan ya wuce ya zama shuɗi, bakin ya yi laushi, ya dace da adda amma ba wuƙa ba. Maƙerin da ka tambaya da wane ƙarfe ya yi, a me ya tsoma, ya ba ka amsa ba tare da kame-kame ba, shi ne naka.

Mai saye na da gwaji uku da ba sa buƙatar komai sai ƙaramin magagari a aljihu. Ka goga shi a bakin wuƙar: idan ya zame yana ƙara kamar a kan tangaran, ta yi tauri, idan ya ci ƙarfen cikin sauƙi yana fitar da gari, ba ta yi ba. Ka rataye ta da yatsu biyu ka ƙyasta da ƙusa: mai lafiya na yin amo mai tsawo, mai tsaga a ɓoye na yin ƙara a dushe. Sannan ka ɗaga ta saitin ido ka bi bayanta da kallo daga mariƙi zuwa tsini, don tsomawa kan karkatar da ruwan. Ɗan karkata kaɗan ba laifi ba ne a wuƙar gona, amma a ta yanka yana hana washi ya zauna daidai.

Inda wuƙar gida ta fi faɗuwa shi ne ƙota. An saba ƙona siririyar wutsiya a cusa cikin katako, shi ke nan. Rani na zuwa katakon ya bushe, ruwan ya fara juyawa, wata rana a ɗaga hannu ya fice. Idan za ka ba da aiki, ka ce a bar wutsiyar da faɗi ta ratsa har ƙarshen ƙotar, a haɗa katako biyu gefe da gefe da ƙusa uku na tagulla ko ƙarfe a dandaƙe kawunansu. Idan siririyar ce dole, to ta fito ta ƙarshe a lanƙwasa ta, a sa zoben ƙarfe a wuya don kada katakon ya tsage. Ka nemi a bar ɗan tudu tsakanin ƙota da baki, wanda zai tare yatsa idan hannu ya zame. Rashin wannan tudun na iya sa mahauta da masu fiɗa su yanke a yatsan nuni. Ga aikin gida da gona, ruwa mai tsawon santimita 12 zuwa 15 da kaurin milimita 3 ya wadatar. Ta yankan shanu ta fi haka tsawo, kuma ita ba a haɗa ta da wani aiki, a ajiye ta don ranarta. Umarnin a wasa wuƙa a hutar da dabba yana cikin hadisin Shaddad bn Aus da Muslim ya ruwaito, kuma wuƙar da ta yini tana yankan igiya ba za ta cika wannan ba.

Kube na baduku ne, kuma a nan ma akwai abin dubawa. Fata zalla mai laushi tsini na huda ta, mutum ya durƙusa a gona ya ji ta a cinya. Kube mai kyau yana da siririn katako ko fata mai kauri a ciki, da wani zirin fata da aka ɗinka tsakanin ɓangarorin biyu ta gefen kaifi don kada bakin ya yanke zaren. Ka juya shi ƙasa ka girgiza, kada wuƙar ta faɗo. Kada a bar wuƙar mai kabon ta kwana watanni a cikin kuben fata da damina, jemammiyar fata na riƙe laima ta ci ƙarfen. A wanke, a goge ta bushe, a shafa man gyaɗa kaɗan idan ta abinci ce. Baƙin man inji na addar daji ne kawai. Duhun da ƙarfen ke yi bayan an yanka albasa ko lemo ba tsatsa ba ne, kariya ce ma, a bar shi. Jar tsatsa mai ɓarɓashi ita ake gogewa da toka ko samfefa.

Washi ba ya son injin giranda. Masu yawo da injin a kasuwa na gama wuƙa cikin minti ɗaya, amma idan ka ga bakin ya yi shuɗi, zafi ya warware taurin da maƙeri ya sha wahalar sawa, kuma ba ya dawowa sai an cinye wurin. Dutse da ruwa ya fi. A ɗaga bayan wuƙar daga dutsen kamar digiri 20, a goga gefe ɗaya har a ji ɗan siririn lanƙwasa da yatsa ta ɗaya gefen tun daga gindi har tsini, sannan a juya. A ƙare da gogawa a bayan tsohuwar fata, ana jan wuƙar baya-baya.

Adda ba ta buƙatar dogon bayani, kowa ya san ta. Mai tambarin kada, wadda asalinta na kamfanin Ralph Martindale ne na Ingila, da Tramontina ta Brazil, duk suna aiki. An bar su da ɗan laushi da gangan don su lanƙwasa maimakon su karye, shi ya sa magagari ke cin su. Ka dafa tsinin a ƙasa ka ɗan lanƙwasa: ta gaske na dawowa miƙe, jabu na zama a karkace. A bar faɗin yatsu huɗu daga ƙota ba a wasa ba.

Yanzu maganar da ta sa ake sayen wuƙar sojan tun farko, wato kare kai. Wuƙa mummunan abin kare kai ce. Ba ta aiki sai mutum ya zo dab da kai, ba ta tsayar da shi nan take, kuma wanda ya zaro ta a rigima ya mayar da cacar baki ta zama gawa ko kurkuku. Dokar Penal Code da ake aiki da ita a Arewa ta yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma ta ɗaure wannan da sharaɗin kada ya wuce gwargwadon abin da kariyar ke buƙata. Kotu ce ke auna gwargwadon, ba mai wuƙar ba. A watan Maris na 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin kisa a kan wani manomi daga Adamawa da ya ce a gonarsa aka kai masa hari, ya ƙwace wuƙar maharin ya soke shi da ita. Kotu ta ga cewa da ya ƙwace makamin yana da damar guduwa. Hukuncin ya jawo muhawara sosai a ƙasar, amma ya nuna yadda layin yake da siriri. Ƙari a kan haka, a Kano da ake fama da faɗan daba da ƙwacen waya, saurayin da aka tare a shingen bincike da baƙar wuƙa mai maɓalli a ƙugu zai sha tambayar da mai wuƙar gona a cikin buhu tare da lauje ba zai sha ba.

Ƙaramar bindiga kuwa babu abin da za a yi bita a kai, domin ba kayan farar hula ba ce a Najeriya. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Gidan farko haramtattu ne sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma fistol da libarba suna cikinsa tare da bindigogin soja. Na biyu, irin bindigar harbin tsuntsu marar sarrafa kanta, lasisinsa na hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Na uku su ne na ɗuri ta baki, irin bindigar toka ta mafarauta, wadda Kwamishinan 'yan sandan jiha ke ba wa izini. Dokar ta hana lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da wanda kotu ta samu da laifin tashin hankali cikin shekaru biyar da suka wuce. Dokar fashi da makami ta 1984 kuma ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko tara, ko duka biyun, ga wanda aka kama da bindiga ba izini. Duk wanda ya raɗa maka cewa yana da ƙarama ta sayarwa, kurkuku yake sayar maka. Ƙirar gida da ake yi da bututun famfo kuma kan fashe a hannun mai ita, ta tafi da yatsu ko ido.

Abin da ke korar ɓarawon turke da na rumbu haske ne, da ƙara, da ƙofar da ke ɓata masa lokaci. A nan ya kamata kuɗin wuƙar sojan ya tafi.

Tocila mai kyau ita ce ta farko. A nemi mai jikin alminiyam da ke cin batir 18650, wanda ake cirewa a sauya. Lambar girmansa ce: faɗin milimita 18, tsawon 65. Na gaske ƙarfinsa tsakanin 2500 ne zuwa 3500 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka, nauyinsa giram 45 zuwa 50. Duk wanda aka rubuta wa 8800 ko 9900 ƙarya ce tsagwaronta, babu irinsa, kuma in ka ɗora shi a tafin hannu za ka ji shi sakayau. Lumen, wato ma'aunin ƙarfin haske, 500 zuwa 1000 na gaske ya isa ya haska ƙarshen garke ya kuma ɗauke wa mai leƙe ido. Dubu ɗari da ake bugawa a kwali zancen talla ne. Mai kan da ake ja gaba da baya don tattara haske tana zuƙar ƙura da ruwa ta wurin zamewar, mai kafaffen kai ta fi ƙarko. Mai maɓallin da sai ka bi haske biyar da walƙiya kafin ta mutu tana ɓata lokaci a daren da ake sauri. Manyan tocilolin roba masu caji a bango batir ɗin gubar ne a cikinsu, idan aka daɗe da barin su a mace sukan daina riƙe wuta. Kada a bar batir a rana ko a ƙarƙashin kwanon rufi a watan Afrilu, zafi na cinye shi, wani lokaci ya kumbura.

Fitilar sola mai kamawa idan ta ji motsi ta fi mai ci har asuba, don batir ɗinta na kaiwa ƙarshen dare, kuma kamawarta kwatsam ita ke firgita mai sanɗa. A kafa ta a tsayin mita biyu da rabi zuwa uku, inda sanda ba ta kai ba, farantin na kallon kudu, fuskarta na kallon hanyar shigowa ba cikin garken ba, in ba haka ba awaki za su kwana suna kunna ta. Da hunturu a goge farantin da tsumma duk kwana biyu ko uku. Yawancin waɗanda ake cewa sun lalace ƙura ce ta rufe su.

Usur shi ne mafi araha a duk jerin, shi ne kuma muka fi yaba wa. Mai ɗan ƙwallo a ciki na cijewa da yawu da ƙura. Irin Fox 40, wanda wani alƙalin wasa ɗan Kanada ya fito da shi a 1987, ba shi da ƙwallo, ƙararsa ta kai desibel 115 a ma'aunin ƙarfin sauti, tana ratsa unguwa cikin dare. Amma usur ba shi da amfani sai an yi yarjejeniya. A zauna da mai unguwa da 'yan sintiri a tsayar da alama: busa uku a jere na nufin a fito, wanda ya ji ya maimaita, kuma a hana yara wasa da shi. A ajiye lambar dagaci, ta shugaban 'yan sintiri, da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa a wayar maigida da ta uwargida, tare da lambar kiran gaggawa ta 112. Wanda aka kama a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Taron da ya ɗauki doka a hannu kan wayi gari shi ne a gaban alƙali.

Kwaɗo kuma ana yawan sayen babba a rataya a kan maƙalar da ƙusa huɗu ke riƙe da ita. Ɓarawo ba ya taɓa kwaɗon, maƙalar yake ɓanɓarewa da ƙarfen taya. A huda ƙofar a sa noti mai santsin kai ya ratsa, a ɗaure ta ciki da washa mai faɗi. Kwaɗo mai zagaye kamar faifai, wanda wuyansa ke ɓoye, ya fi mai dogon wuya, don almakashin rodi ba ya samun wurin kamawa. In na yau da kullum ne, wuyan ya kai milimita 8 zuwa 10 na ƙarfe mai tauri. A ginin ƙasa wurin rauni shi ne firam ɗin ƙofar, a dasa shi da siminti da ƙafafun ƙarfe da suka shiga bango, in ba haka ba ana cire ƙofar da kwaɗonta gaba ɗaya. Kada a ɗura wa kwaɗo mai, yana tara ƙura. A goga bakin fensir a jikin makullin a sa a cire sau uku.

Sandar gora mai kaiwa kafaɗa ta fi kowace wuƙa amfani ga mai tafiyar dare: tana ba da tazara daga kare, tana bincika ciyawa kafin ƙafa ta taka kububuwa, babu kuma mai tambayarka dalilin riƙe ta.

Tunda duk gidan da ke da adda da lauje wata rana sai an yanke, a ajiye bandeji biyu, auduga da tsumma mai tsabta a leda kusa da inda kayan suke. Idan jini na zuba, a danna wurin da ƙarfi minti goma ba ɗagawa ana leƙawa, a ɗaga hannun sama da ƙirji, in tsumman ya jiƙe a ɗora wani a kai. Ba a zuba toka, ƙasa, ko baƙin mai. Yankan da ya buɗe baki, ko wanda yatsa ya daina lanƙwasa bayansa, na asibiti ne a ranar, don jijiyar da ta tsinke tana ja da baya idan an jinkirta, kuma a tambayi allurar tetanus idan an daɗe ba a yi ba. Wuƙaƙen kuma a rataye su a ƙusa sama da inda hannun ɗan shekara bakwai zai kai ko ya taka turmi.